Gurbi Huɗu a Jikin Uwar Allo

A Plovdiv, hawa na uku, inda taga ke kallon kogin Maritsa,
na share teburin cin abinci, na ture gishiri gefe,
na kwantar da ita a kan tsohon tawul.
Koriya ce, ta sha ƙura, tana warin ɗakin ajiya.

Uwar allo. Haka muke kiranta a masana'anta.
Ba ta asali ba ce.
Ta wasu muka leƙa muka zana tamu,
layi bisa layi, kamar yaro mai satar amsa,
har kuskuren masu ita muka kwafa.
Abu ɗaya ya gagare mu: harshe.
Aka bar masa gurbi huɗu, baƙaƙe, baki buɗe,
aka ce sai wata rana.
Shekara arba'in ke nan, ranar tana hanya.

In ka kunna ta babu faifai
sai ta yi tari sau ɗaya, ta rubuta:
babu harshe a nan, na tsaya.
Velichka takan yi dariya, ta ce,
ga bebiya mai sanar da bebancinta.

Jiya Zdravko ya aiko daga Varna:
ƙwayoyi huɗu a soke cikin baƙin soso,
kowace da ƙafa ashirin da huɗu kamar shanshani,
kowace da 'yar taga a gadon baya
wadda ya liƙe da takarda,
don haske, in ya daɗe yana shiga,
yakan shafe abin da aka sani.
Wannan ba sai an faɗa mini ba.

Na taɓa bututun ɗumama ɗaki
don wutar jikina ta sauka ƙasa.
Na sa tabarau bisa tabarau.
Tsaga ta dubi tsaga, ka'idar ke nan,
wanda ya juya ta ya sha hayaƙi.

Ta farko ta zauna kamar an haife ta a wurin.
Ta biyu ma.
Ta uku ta lanƙwashe ƙafa ɗaya a ƙarƙashinta,
hannun nan nawa da ya koyi rawa da tsufa.
Na zare ta da bakin wuƙar man shanu,
na miƙe ƙafar a hankali, ina riƙe da numfashi;
ƙarfe siriri sau ɗaya yake yafiya.

A nan na ga abin.
Gefen gurbi na huɗu, ƙarƙashin ƙura,
harafi ɗaya da aka karta da tsinin allura.
A layinmu mata goma sha biyu ke ɗiga dalma,
ɗaya ce kawai ke sa hannu a aikinta,
ko da shugaban sashe ya hana.
Ɗigonta kuwa ga shi, sumul, yana ƙyalli,
kamar ɗazu ta tashi ta tafi ɗora shayi.

Na daɗe a zaune.
Dusar ƙanƙara ta rufe rufin maƙwabta.

Sai na danna ta huɗu da babban yatsa,
ta ce ƙyas.

Na kunna. Fanka ta yi gunaguni.
Ta ƙirga abin da take iya tunawa, kaɗan ne,
ta nemi faifai, ba ta samu ba,
na jira tarin da na saba.

Haruffa biyu, kore a kan baƙi: Ok.
Ƙarƙashinsu ɗan layi yana ƙifta ido,
yana jira in fara magana.

Me ake ce wa wadda ta yi shiru shekara arba'in?

Layi na goma: rubuta Velichka.
Layi na ashirin: koma layi na goma.

Sunan ya zubo daga sama har ƙasa,
yana gudu, yana tura kansa, ba ya ƙarewa.
Na san maɓallin da ke tsayar da shi.
Na tashi na ɗora ruwan zafi.